Sakkwato Zuwa Maiduguri: Tafiyar Sa'a Guda Mai Cin Yini Guda

Manomin da ke sharar gona a karkarar Bici lokacin bazara, in ya ji ƙugi a bisa ya ɗaga kai, yakan hangi jirgin sama yana saukowa sannu sannu ya nufi Kano. Daga Bici zuwa birnin Kano kimanin kilomita 40 ne, watau abin da jirgin zai cinye cikin minti 6 ko 7, alhali kuwa motar haya da ta ɗebi fasinja a tashar garin za ta iya share sa'a guda kafin ta ratsa cunkoson Dawanau da Rijiyar Lemo da Kurna. Mutanen wannan yanki sun saba da ganin jirage tun zamanin kakanninsu, domin filin jirgin saman Kano yana cikin mafi daɗewa a Afirka ta Yamma.

Amma akwai wani abu da ba kowa ya lura da shi ba. Idan aka shimfiɗa taswirar Nijeriya, aka kafa bakin zare a filin jirgin sama na Sakkwato, aka ja shi sak har filin jirgin sama na Maiduguri, to, zaren nan zai bi ta arewa da Bici da tazarar kilomita 30 ko abin da ya yi kusa da haka, ya ratsa sararin ƙasar Kunci da Ɗambatta. Ashe ke nan mutanen Bici suna zaune ne dab da ƙarƙashin hanya mafi gajarta wadda ta haɗa ƙarshen Arewa na yamma da ƙarshenta na gabas. Sai dai kuma hanyar nan ita ce jiragen fasinja ba su cika bi ba. Ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki daga Sakkwato zuwa Borno, da ɗalibin da ya sami gurbin karatu a ɗayan ƙarshen, galibi sai sun gangara kudu zuwa Abuja tukuna, sa'an nan su sake haurowa arewa.

Yadda Ake Auna Nisan

Masana labarin ƙasa sun zana wa duniya layuka iri biyu, na kwance da na tsaye, domin a iya faɗin mazaunin kowane gari da lamba. Layukan kwance suna nuna nisan wuri daga tsakiyar duniya zuwa arewa ko kudu, na tsaye kuwa suna nuna nisansa gabas ko yamma daga layin da ya ratsa Girinwic a ƙasar Ingila. Ana ƙirga su da digiri. Digiri ɗaya daga kudu zuwa arewa kimanin kilomita 111 ne, amma daga gabas zuwa yamma yana raguwa gwargwadon yadda mutum ya nisanci tsakiyar duniya, saboda duniya a mulmule take. A daidai ƙasar Hausa da Borno ya tsaya wajen kilomita 109.

Filin jirgin sama na Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, wanda ke kudu da birnin Sakkwato a kan hanyar Boɗinga, yana kusa da digiri 13 arewa, da digiri 5 da 'yan kai gabas. Na Maiduguri, wanda aka sa wa sunan Muhammadu Buhari a 2023, yana kusa da digiri 12 arewa, da digiri 13 gabas. Watau tsakaninsu akwai kusan digiri 8 daga yamma zuwa gabas, da digiri ɗaya daga arewa zuwa kudu. In aka haɗa lissafin sai a sami kimanin kilomita 860, ko mil 535 a ma'aunin da direbobin da suka saba da shi. Matuƙan jirgin sama kuwa da milin teku suke aiki, wanda tsawonsa mita 1,852 ne, saboda haka a takardunsu nisan yakan fito mil 465.

Akwai wata shaida ta wannan nisa wadda kowane Musulmi ya sani ba tare da taswira ba. Duniya tana juya digiri ɗaya cikin minti 4, don haka rana tana riga fitowa da faɗuwa a Maiduguri da kimanin rabin sa'a kafin Sakkwato. A watan azumi, sa'ad da mutumin Yarwa ya kai dabino baki, ɗan'uwansa na Sakkwato yana da sauran jira na wajen minti 30, ko da yake agogonsu ɗaya ne. Mutumin Bici kuwa yana tsakatsaki.

Abin da ya fi muhimmanci a lissafin nan shi ne matsayin Kano. Daga Sakkwato zuwa filin jirgin sama na Malam Aminu Kano kimanin kilomita 370 ne, daga Kano zuwa Maiduguri kuma kimanin kilomita 500. In aka haɗa, 870 ke nan. Ma'ana, jirgin da ya tashi daga Sakkwato ya ya da zango a Kano kafin ya ƙarasa Maiduguri bai ƙara wa tafiyarsa fiye da kilomita 10 ba. Amma wanda ya bi ta Abuja zai yi kusan kilomita 490 a karon farko, da kimanin 710 a na biyu, jimla 1,200. Ratsen Abuja ya ƙara masa kilomita 340, watau kusan nisan Kano da Sakkwato kacokan.

Sa'a Nawa Ne A Sama?

Ɗalibi zai iya cewa lissafin lokaci ba wuya, a raba nisa da gudu kawai. Jirgi irin Boeing 737 yakan yi gudun kilomita 800 ko fiye a sa'a guda in ya daidaita a can ƙololuwa, saboda haka kilomita 860 sa'a guda ce da 'yan mintoci. To, amma jirgi ba ya fara tafiya da cikakken gudunsa. Yakan ɗauki wajen minti 20 yana hawa, ya kuma ɗauki kamar haka yana saukowa, kuma a waɗannan lokuta gudunsa bai kai na tsakiyar tafiya ba. Sa'an nan ga lokacin da yake gangarawa a ƙasa daga inda aka ɗebi fasinja zuwa bakin titin tashi, ga kewayen da yakan yi don ya fuskanci iska wajen sauka. In aka tara duka, tafiya kai tsaye daga Sakkwato zuwa Maiduguri za ta tsaya wajen sa'a guda da minti 20. Jirgi mai farfela, irin wanda gudunsa bai wuce kilomita 500 a sa'a ba, zai yi ta cikin sa'a 2.

A kan wannan ma'auni, Kano zuwa Sakkwato wajen minti 45 zuwa 50 ne, Kano zuwa Maiduguri kuwa kusan sa'a guda. Mai lura zai ga cewa gajeriyar tafiya ba ta ragu daidai da raguwar nisanta ba, domin hawa da sauka suna nan ba su canja ba. Wannan ne ya sa a tafiyar da ba ta kai kilomita 400 ba, ratar da ke tsakanin babban jirgi da mai farfela ba ta wuce 'yan mintoci ba.

Har ila yau akwai sha'anin iska. Jirgi a cikin iska yake iyo kamar yadda kwalekwale ke tafiya a kogi. Alal misali, in iska mai gudun kilomita 80 a sa'a tana kaɗawa daga gabas, jirgin da ya nufi Maiduguri zai rage gudu da wannan adadi, wanda ya nufi Sakkwato kuwa ya ƙara. Shi ya sa zuwa da komowa a kan hanya ɗaya sukan bambanta da minti 10 ko fiye, ba tare da matuƙi ya yi wani abu dabam ba.

Daga Ayari Zuwa Jirgi

Hanyar da ta haɗa Sakkwato da Borno ta bi ta Kano tsohuwar hanya ce. Ta nan fatake suka riƙa kai kanwa da dawaki yamma, su komo da goro da tufafi, ta nan kuma manzanni suka riƙa ɗaukar wasiƙu tsakanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi. Baturen nan ɗan yawon gano ƙasashe, Kilafaton, ya bar Kukawa a tsakiyar watan Disamba na 1823, bai shiga Kano ba sai ran 20 ga Janairu 1824. Daga Kano kuma ya yi kimanin mako 3 a hanya kafin ya isa Sakkwato cikin watan Maris. Watau in aka cire hutun da ya yi a Kano, kusan wata 2 ya yi yana tafiya a kan abin da jirgi zai gama kafin shayi ya huce sau biyu.

Jiragen sama na farko da suka shigo Nijeriya ma ta wannan hanya suka bi. A ƙarshen watan Oktoba na 1925 jirage 3 na mayaƙan saman Ingila suka taso daga Masar, suka ratso Sudan da Cadi, suka sauka a Maiduguri, kana suka iso Kano ran 1 ga Nuwamba, zamanin Sarkin Kano Usman. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara jigilar wasiƙu da fasinja daga Hartum zuwa Kano ta Maiduguri, daga baya aka miƙa hanyar har Ikko. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu kuwa, daga 1940, jiragen yaƙi da ake harhaɗawa a Takoradi ta ƙasar Gana sun riƙa bin Kano da Maiduguri a kan hanyarsu ta zuwa Masar. Saboda haka hanyar sama ta farko a ƙasar nan daga gabas zuwa yamma ta kwanta, kuma Kano ce cibiyarta.

Bayan yaƙi aka kafa kamfanin jiragen sama na Afirka ta Yamma a 1946, wanda kamfanin Nigeria Airways ya gada a 1958. Jiragensu ƙanana ne, da fari masu ɗaukar mutum 8 zuwa goma sha, daga baya kuma aka kawo samfurin Fokker. Jirgi guda yakan sauka a gari biyu ko uku a tafiya ɗaya, kamar motar da ke tsayawa tasha tasha. Da aka ƙirƙiro jihohi 12 a 1967, Sakkwato ta zama hedkwatar Jihar Arewa maso Yamma, Maiduguri ta zama ta Jihar Arewa maso Gabas, a 1975 kuma aka kafa jami'a a kowanensu. Daga nan zirga-zirgar ma'aikata da malamai da ɗalibai ta ƙaru ainun. A wannan zamani Kano ita ce ƙofar Arewa, har manyan jiragen Turai ma a nan suke shan mai bayan sun ƙetare hamadar Sahara.

Hanyoyi Sun Juya Kudu

Amma tun kafin haka akwai wani tsari da ke aiki a ƙarƙashin ƙasa. Turawan mulki sun shimfiɗa hanyoyinsu ne don fitar da amfanin gona zuwa bakin teku. Layin dogo ya iso Kano a 1911, ya kai Ƙauran Namoda a 1929, da Nguru a 1930, bai kai Maiduguri ba sai 1964, Sakkwato kuwa bai taɓa isa ba. Gyaɗar da manoman Bici da Tsanyawa da Bagwai suka noma, kudu ta nufa a cikin taragu. Ba a taɓa shimfiɗa dogon da zai ɗauki mutum daga yammacin Arewa zuwa gabashinta kai tsaye ba.

Sannu a hankali sufurin sama ya bi sawun dogo. Da aka sami manyan jirage masu iya tafiya daga Turai zuwa Ikko ba tare da shan mai a hanya ba, darajar Kano a matsayin zango ta ragu. Da gwamnatin tarayya ta ƙaura zuwa Abuja ran 12 ga Disamba 1991, sai kowane babban ma'aikaci da ɗan kwangila da ɗan siyasa ya zama can ne alƙiblar tafiyarsa. Kamfanin Nigeria Airways, wanda a matsayinsa na kamfanin gwamnati yake iya riƙe hanyar da ba ta kawo riba, ya durƙushe a 2003. Kamfanoni masu zaman kansu da suka maye gurbinsa kuwa inda fasinja ya fi yawa nan suke bi. Sakamakon haka shi ne filayen jiragen saman Arewa sun ƙaru, har Katsina da Birnin Kabi da Dutse da Bauci da Gombe kowa ya sami nasa, amma kusan dukansu Abuja da Ikko suke kallo, sun juya wa juna baya.

Lissafin Mutumin Bici

A ɗauka wani malami ne a Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Bici aka gayyace shi taro a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Filin jirgin Kano yana gefen arewa na birni, saboda haka ba sai ya ratsa cikin ganuwa ba, sa'a guda ta ishe shi. In akwai jirgi kai tsaye, zai isa filin sa'a guda kafin tashi, ya yi minti 50 a sama, ya yi rabin sa'a daga filin Sakkwato zuwa cikin gari. Tafiyar duka ba ta kai sa'a 4 ba, zai iya yin sallar asuba a Bici ya yi walaha a Sakkwato.

A ranar da babu jirgi kai tsaye kuwa, sai ya fara yin kilomita 360 zuwa Abuja, sa'an nan ya yi 490 zuwa Sakkwato. Ya yi kilomita 850 ke nan don ya je wurin da nisansa 370 ne, ya kuma sayi tikiti biyu maimakon ɗaya. In Maiduguri ya nufa, zai yi sama da kilomita 1,000 maimakon 500. Ba ma nisan ne babbar matsala ba, jira ne. Garuruwan da jirgi ɗaya ko biyu ke zuwa a yini, wanda ya rasa shi da minti 10 ya rasa yini guda. In jirgin Kano ya sauka Abuja bayan na Sakkwato ya tashi, sai kwana, ga kuɗin masauki, ga kuɗin motar shiga gari daga filin da ke da nisa. A nan ne karin maganar nan take tabbata, cewa hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Mai karatu zai ce ai sai ya hau mota. Lalle kuwa mafi yawan jama'a motar suke hawa, domin kuɗin jirgi ya fi ƙarfin ƙaramin ma'aikaci, balle ɗalibi. Daga Kano zuwa Sakkwato ta Malumfashi da Funtuwa da Gusau da Talatar Mafara sama da kilomita 500 ne, daga Kano zuwa Maiduguri ta Wudil da Azare da Fataskum da Damaturu kuma kusan 600. Kowace yini guda ce, wanda kuwa zai haɗa su biyun sai ya kwana a hanya. Sa'an nan ga abin da ya fi nisa nauyi, watau rashin tsaro. Rikicin Boko Haram da ya ɓarke a 2009 ya mai da hanyar Damaturu zuwa Maiduguri abin fargaba na shekaru, 'yan bindiga kuma suka addabi hanyar Funtuwa zuwa Gusau. Saboda haka ga mutane da yawa hawa jirgi ya tashi daga alfarma ya koma neman tsira da rai. Mutanen Borno sun ɗanɗana wannan sosai sa'ad da aka dakatar da jiragen fasinja bayan harin da aka kai wa sansanin mayaƙan sama na Maiduguri a watan Disamba na 2013, ba a komo da su ba sai 2015.

Hazo Da Hadari

Ko da an sami jirgi an kuma sami kuɗi, akwai hukuncin yanayi. Daga watan Disamba zuwa Fabrairu iskar hunturu takan kwaso ƙura daga ƙwarin Bodele da ke arewacin Cadi, inda wani tsohon tafki ya ƙafe ya bar farar ƙasa mai laushi kamar gari. Ƙurar nan Maiduguri take fara rufewa, sa'an nan Kano, sa'an nan Sakkwato. Manomin Bici ya san ranakun da ba ya iya hangen rimin da ke ƙarshen gonarsa. A irin waɗannan ranaku ganin matuƙi yakan ragu ƙasa da kilomita guda, kuma kowane fili yana da iyakar ganin da doka ta yarda a sauka da shi, gwargwadon na'urorin da aka kafa masa. Filin da ke da na'urar da ke jagorantar jirgi har bakin titi yakan karɓi jirage a ranar da wanda ba shi da ita ya rufe.

Doka ta wajabta wa matuƙi ya ɗauki man da zai kai shi inda ya nufa, da wanda zai kai shi wani fili dabam in sauka ta gagara, da kuma ƙarin na aƙalla rabin sa'a. A Arewa wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin filayen suna nesa da juna, kuma hazo ɗaya yakan rufe su gaba ɗaya. Shi ya sa ake soke tafiya tun daga Abuja alhali can rana tana haske tar. Fasinja yakan yi fushi, amma dattawan Kano ba su manta da ran 22 ga Janairu 1973 ba, sa'ad da jirgin alhazai da ya taso daga Jidda zai tafi Ikko, aka karkato da shi Kano saboda rashin kyan yanayi a can, ya yi hatsari wajen sauka, mutum 176 suka rasu. Gara jinkiri da irin wannan rana.

Da damina kuma hadari ne. Kamar yadda kowane manomi ya sani, hadarin ƙasar Hausa daga gabas yake tasowa, yakan kuma jeru ya yi tsawon ɗaruruwan kilomita. Matuƙi ba ya kutsawa cikinsa, kewaye shi yake yi, kewayen kuwa yakan ƙara minti 10 ko 20 a kan tafiya.

Me Ya Hana A Haɗa Su?

Bai kamata a ɗora wa kamfanoni laifi ba tare da an dubi lissafinsu ba. Jirgi irin Boeing 737 yana da kujeru 120 zuwa 150, kuma mai mafi yawa wajen tashi da hawa yake sha. In aka sa shi gajeriyar tafiya da rabin kujerunsa wayam, hasara ce tsantsa. Masu zuwa Abuja daga Sakkwato a kowace rana sun isa su cika shi, masu zuwa Maiduguri kuwa ba su isa ba. Don haka kamfani yakan tara kowa a Abuja ya rarraba.

Amma wannan hujja tana da ƙarfi ne kawai in an ɗauka babban jirgi kaɗai ake da shi, kuma Sakkwato da Maiduguri kaɗai za a haɗa. Jirgi mai farfela na zamani, mai kujeru 50 zuwa 70, yana shan mai kaɗan, kuma kamar yadda aka nuna a baya, a gajeriyar tafiya ba a bar shi a baya da yawa ba. In irin wannan jirgi ya tashi daga Sakkwato da safe, ya sauka Kano, ya wuce Maiduguri, ya komo da yamma, to, fasinja iri uku zai ɗauka a tafiya guda: na Sakkwato zuwa Kano, da na Kano zuwa Maiduguri, da masu wucewa gaba ɗaya. Tsakiyar hanyar kuwa ita ce yanki mafi cikar jama'a a Arewa duka, inda ƙauye ke kallon ƙauye tun daga Bici har Wudil, ga kasuwar hatsi ta Dawanau da ta tufafi ta Kantin Kwari waɗanda 'yan kasuwar Sakkwato da na Borno ba sa rabuwa da su.

Waɗansu ƙasashe sun fuskanci irin wannan matsala sun kuma nemi maganinta. A 1978, sa'ad da Amurka ta sakar wa kamfanonin jirage mara, ta kafa wani shiri na biyan tallafi don kada a yar da ƙananan garuruwa. Indiya ta ɓullo da nata a 2016, inda gwamnati ke cike giɓin kuɗin waɗansu kujeru a hanyoyin da ba su da riba tukuna. A can ƙarshen arewacin Norwe kuma, inda garuruwa ke warwatse cikin ƙanƙara, gwamnati ce ke ba da kwangilar ƙananan jirage masu bin gari gari. A duk waɗannan wurare an ɗauki hanyar sama kamar yadda ake ɗaukar gada ko titi, watau abin da ake yi don jama'a ko da bai mai da kuɗinsa nan take ba.

Gwamnatocin jihohin Arewa sun kashe maƙudan kuɗi wajen gina filayen jirage, waɗansu kuwa ba su cika yin aiki sosai ba sai lokacin jigilar alhazai. Da jihohin da abin ya shafa za su haɗa kai su lamunce wa wani kamfani adadin kujeru na ƙayyadadden lokaci, su kuma sa ma'aikatansu masu tafiyar aiki su riƙa bin wannan hanya, da an ga ko za ta tsaya da ƙafafunta. Haka nan kuma wajibi ne hukumomin tarayya su tabbata na'urorin sauka a Sakkwato da Kano da Maiduguri suna aiki kafin hunturu ya shigo, domin jadawalin da hazo ke rushewa wata 3 a shekara ba wanda zai dogara da shi.

Nisan Sakkwato da Maiduguri bai canja ba tun zamanin da manzannin Bello da na Shehun Borno ke bin sa a kan dawaki, kilomita 860 ne, kuma Kano tana nan a tsakiya inda take. Abin da ke sa tafiyar ta zama sa'a 2 ko ta zama kwana 2 shawara ce ta mutane, a ofisoshin gwamnati da na kamfanoni. Ranar da aka gyara wannan shawara, malamin Bici zai je Sakkwato da safe ya komo ya kwana a gidansa, ɗalibar Maiduguri mai karatu a Sakkwato kuma za ta je hutu gida ba tare da iyayenta sun kwana biyu suna zullumi ba.